Fataken Amurka a tsibiran Fasifik: wa ya ba su girman da suka samu?

Ɗalibar Tarihi:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina aji uku a sashen tarihi, a zangon nan kuma muna kan kasuwancin teku na ƙarni na 19. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, na ga gara in kawo shi gabanku.

Cikin karatu na yi karo da sunayen wasu ma'aikatan jiragen ruwa 'yan Amurka, waɗanda a garuruwansu ba kowa ba ne, wasu ma gudowa suka yi daga jirgi, amma da suka sauka a tsibiran Tekun Fasifik sai ga su a fada, suna na hannun daman sarakuna. David Whippy, mutumin Nantucket, ya zama manzon sarkin Levuka a Fiji. Oliver Holmes, mutumin Plymouth, ya riƙe gwamnan tsibirin Oahu a Hawai. Har da wani baƙar fata, Anthony Allen, da ya tsere daga bauta a jihar New York, ya je Honolulu ya zama mai gida da gona da garke.

Tambayata biyu ce. Ta farko, me ya sa sarakunan can suka ɗaukaka su haka? Wani abokin karatuna ya ce ai bindiga ce kawai, duk wanda ya zo da ita ya zama babba. Wata ƙawata kuma ta ce mutanen tsibiran sun ɗauki Bature wata halitta ce da ta fi ɗan Adam. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya ba. In bindiga ce kawai, me ya hana a karɓe ta a kashe mai ita? Ta biyu, su kansu me suke nema a can, kuɗi ko mutuncin da suka rasa a gida? Don Allah wanda ya sani ya taimaka mini, da sunaye da shekaru in da hali.

Baban Hajara:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka. Na koyar da tarihi a sakandare har na yi ritaya, kuma wannan ɓangare yana cikin waɗanda nake jin takaicin manhajarmu ba ta taɓa su.

Tambayar da kika yi, ta me ya hana a karɓe bindigar, ita ce kan zancen, domin an sha karɓewar. A 1790 wani basarake a Hawai, Kameeiamoku, ya kama ƙaramin jirgin nan Fair American, aka kashe duk wanda ke ciki sai Isaac Davis. Ramuwa ce ya yi, saboda wani kyaftin ɗan Amurka, Simon Metcalfe, ya sa an yi masa bulala a cikin jirginsa, kuma ɗan Metcalfe ɗin ne ke jan Fair American. A 1825 jirgin Oeno na Nantucket ya farfashe a tsibirin Vatoa da ke Fiji, aka kashe mutanensa, William Cary kaɗai ya tsira don ya ɓuya a kogo. Mutanen da ke ganin baƙo ya fi ɗan Adam ba sa yi masa haka. Ki ajiye maganar ƙawarki gefe. Maganar abokinki kuwa akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce.

Ki fara da abin da ya kai su can. Da Amurka ta samu 'yancin kai a 1783, Ingila ta toshe wa jiragen Amurka kasuwannin Karibiyan da suka saba ci. Sai fataken Boston da Salem da New York suka juya akala zuwa Sin. Jirginsu na farko, Empress of China, ya isa Kanton a 1784. Suna son shayi da siliki da tangaran, amma Sinawa ba su damu da yawancin kayan Amurka ba. Dole aka shiga neman abin da Basine zai saya: fatun dabbobin ruwa, icen sandal na turare daga Hawai da Fiji, daga baya kuma wata halittar ƙasan teku mai laushi da ake dafawa a busar, Sinawa na miya da ita, mu kira ta kokwambar teku. Wannan ta ƙarshe ita ta ja jiragen Salem zuwa Fiji tun daga ƙarshen shekarun 1820, su kyaftin Benjamin Vanderford da John Eagleston, suna kai ta Manila su sayar wa 'yan kasuwar Sin.

To, ki duba yadda aikin yake, nan amsarki take. Kafin jirgi ya cika sai an yi watanni. Ana bukatar doguwar rumfa ta busarwa, da manyan tukwane, da itacen wuta dare da rana, da ɗaruruwan mutane a kwale-kwale suna tsinto abin a kan duwatsun ruwa. Mutanen jirgi ba su kai su yi wannan ba, kuma a Fiji ta lokacin ba a ɗaukar lebura a biya shi da yamma. Sarki ne ke cewa gari ya fito, gari ya fito. Saboda haka kyaftin ba shi da ciniki sai da yardar sarki, sarki kuwa ba a tunkararsa kai tsaye. Akwai haƙorin kifin wel, wato ƙatuwar dabbar tekun nan da a da ake narka kitsenta a yi man fitila, wanda 'yan Fiji ke kira tabua. Da shi ake neman alfarma, da shi ake neman aure, da shi ake neman gafara, kuma akwai yadda ake miƙa shi da kalaman da ake faɗa. Akwai inda baƙo zai zauna, akwai wanda zai fara shan yaqona, abin shansu na gargajiya, a zaman fada. Kyaftin da bai san wannan ba zai ɓata wata guda a banza, ko ya rasa ransa.

Nan ne irin su Whippy suka samu shiga. Wani kyaftin mai suna Peter Dillon ne ya sauke shi a Fiji a tsakiyar shekarun 1820 don ya tara masa kaya kafin ya dawo, bai kuma dawo a kan lokaci ba. Saurayin ya koyi harshe, ya auri matan ƙasar, ya shiga yaƙe-yaƙen masu gidansa, ya iya gyaran bindiga, daga baya shi da abokansa suka riƙa ƙera ƙananan jirage a Levuka. Aikinsa ya yi kama da na fatoma a fataucin da: shi ke karɓar baƙo, shi ke tsayawa tsakanin mai kaya da mai saye, in baƙo ya yi ɓarna shi za a tuhuma. Sarkin Levuka ya naɗa shi Mata ki Bau, wato manzon da ke kai saƙonsa fadar Bau, ɗan ƙaramin tsibirin da sarakunansa suka fi kowa ƙarfi a yankin. Ki lura, wannan muƙami ne na gargajiyar Fiji, mai ƙa'idojinsa, ba kujera ce da aka ƙirƙira don a faranta wa Bature rai ba. An saka shi cikin tsarin mutane ne, a ƙarƙashin sarki, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

In kina son ki gane a hannun wa girman yake, dubi 1844. A shekarar Cakobau, ɗan sarkin Bau wanda ya riga ya riƙe ragamar mulki a aikace, ya fusata da Turawan Levuka, ya ce su tashi. Whippy, bayan kusan shekara ashirin a garin, ya kwashi iyalinsa tare da sauran suka koma Solevu a tsibirin Vanua Levu, ba su dawo ba sai 1849. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba.

A Hawai ma haka abin yake. Sarki Kamehameha na Ɗaya ya riƙe Isaac Davis da John Young, 'yan Birtaniya ne amma daga jiragen Amurka suka fito, kuma da farko hana su tafiya aka yi. Ya yi amfani da saninsu na igwa wajen haɗe tsibiran, ya ba su filaye da mata 'yan gidan sarauta. Young ya riƙe gwamnan babban tsibirin Hawai, jikarsa Emma ta zama sarauniya a 1856. Holmes da kika ambata ya sauka a 1793, ya gaji kujerar Oahu bayan rasuwar Davis a 1810. Duk cikinsu babu wanda ya ƙwaci komai. Ba su aka yi, don suna da amfani, kuma sarki ya san baƙon da ba shi da dangi a ƙasa ba zai yi takarar sarauta da shi ba, sabanin 'yan'uwansa na jini.

Tambayarki ta biyu ta fi ta farko daɗi a wurina. Mutumin Salem ko a Fiji yake, idonsa na gida. A 1799 kyaftin-kyaftin na garin suka kafa ƙungiya mai suna East India Marine Society, ba a shiga sai wanda ya kewaya ƙarshen Afirka ta kudu ko ƙarshen Kudancin Amurka yana jagoran jirgi ko wakilin kaya. Kowa in ya dawo ya kawo abin nunawa: kulki na yaƙi, mashi, tabarma, zanen ɓawon itace. Kayan nan su ne tushen gidan tarihin Peabody Essex na yau. Burin kyaftin shi ne ya dawo ya gina gidan bulo a unguwar manya, a kira shi mutumin kirki a coci. Wanda kuwa ya zauna a tsibiri, ya tara mata, ya yi shigar mutanen ƙasa, kyaftin na bukatarsa amma yana raina shi, 'yan mishan kuma suna ganinsa ɓatacce. Girman can yana rage girman gida. Shi ya sa takardar mataimakin ƙaramin jakadan Amurka da Whippy ya samu a 1846 ta yi masa nauyi ƙwarai: ita ce shaidar cewa ƙasarsa ba ta yar da shi ba.

Sai kuma wanda ya bi ta ɗaya hanyar, John Brown Williams. Ɗan Salem ne, ɗan kyaftin, ya yi ta gwada kasuwanci bai yi fice ba, ya nemi muƙamin gwamnati ya samu, ya zama wakilin kasuwancin Amurka a Fiji a 1846. Shi bai nemi shiga tsarin kowa ba. Filaye ya riƙa saye da 'yan kayayyaki, ciki har da tsibirin Nukulau kusa da masarautar Rewa. Ranar 4 ga Yulin 1849 ana harba igwa don bikin 'yancin Amurka, wuta ta kama gidansa. Hannun mutanensa ne ya tada gobarar. Jama'ar da ke wurin suka kwashe kayan da aka fitar. Williams ya ce sai an biya shi kimanin dala 5,000, ya kuma ɗora bashin a kan Cakobau, alhali Nukulau ƙasar Rewa ce, Rewa kuwa yaƙi take yi da Bau. Ya yi ta rubuta wa gwamnatinsa da jaridun gida, har a 1855 kwamanda Boutwell ya zo da jirgin yaƙi John Adams, ya haɗa ƙorafin Williams da na wasu Amurkawa, kuɗin suka haura dala 40,000. Aka kira Cakobau cikin jirgi aka tsoratar da shi ya sa hannu.

Wannan zalunci ne tsagwaronsa, ba ni da wani suna da zan ba shi. Mutum ya kasa samun mutunci a garinsu, ya kasa samunsa a inda ya je, sai ya kira igwar ƙasarsa ta karɓo masa.

Ɗan Fagge:

Allah ya gafarta Malam, mun ƙaru ƙwarai. Amma da izininka, ina ganin ka yi wa Whippy sassauci, ka raba su biyu kamar shi na kirki ne Williams na banza. A jerin waɗanda Boutwell ya ce Cakobau ya biya a 1855, akwai sunan Whippy. Ranar da jirgin yaƙi ya zo, Mata ki Bau ya tuna shi Ba'amurke ne.

Ba ranar ya fara ba. A 1840 da ayarin binciken sojan ruwan Amurka ƙarƙashin Charles Wilkes ya iso Fiji, Whippy ne tafintansu kuma mai ba su shawara. Ayarin nan shi ya yi garkuwa da sarkin Rewa a cikin jirgi har sai da aka miƙa ɗan'uwansa Veidovi, wanda ake zargi da kisan mutanen jirgin Charles Doggett a 1834. Aka tafi da shi Amurka, ya rasu a asibitin sojan ruwa a New York a 1842 da isarsu, aka cire ƙoƙon kansa aka adana cikin kayan bincike. Ayarin nan ne kuma, da aka kashe jami'ansa biyu a tsibirin Malolo, ɗaya ɗan 'yar'uwar Wilkes, ya ƙona garuruwa biyu ya kashe fiye da mutum 70. Saboda haka da aka ce wa Cakobau za a tafi da shi Amurka in bai sa hannu ba, ya san ba wasa ake ba, ya ga wanda aka tafi da shi bai dawo ba.

Ni abin da ke damuna a irin wannan tarihi shi ne muna bin baƙo da sarki, mu manta da talakan da aikin ke kansa. Wa ke nutso yana tsinto kokwambar? Wa ke saro itacen wuta har dazukan bakin teku suka ƙare? Da me aka biya sarki? Bindiga da albarushi, waɗanda aka juya kan garuruwan maƙwabta. Icen sandal na Bua a Vanua Levu, cikin kamar shekara goma, daga 1804 zuwa wajen 1814, aka gama da shi.

A Hawai abin ya fi muni bayan rasuwar Kamehameha a 1819. Shi ya riƙe cinikin sandal a hannunsa shi kaɗai, yana taka-tsantsan. Da ya kau, fataken Boston suka riƙa tura wa sarakuna kaya bashi. A 1820 aka sayar wa Liholiho, ɗansa da ya gaje shi, jirgin shaƙatawa na Salem, Cleopatra's Barge, a kan awo 8,000 na sandal, kowane awo kusan kilo 60. A 1824 jirgin ya farfashe a Hanalei. Bashin bai farfashe ba. A 1826 jirgin yaƙin Amurka ya zo karɓar basussuka, aka kafa doka kowane namiji mai lafiya ya kawo rabin awo na sandal ko dala 4 ta Sifaniya. Mutane suka bar gonakinsu suka hau duwatsu cikin sanyi da ruwa suna ɗauko itace a baya. Girman da falke ya samu a fada, a gadon bayan waɗannan aka gina shi. Ƙanwata mai tambaya, in za ki rubuta, ki sa su ciki.

Maman Sadiq:

Sannunku da ƙoƙari, Baba da Yaya. Ni abin da zan ƙara shi ne matan, don an ambaci aure an wuce kamar kyautar riga ce.

Ba ɗaya daga cikin mutanen nan da ya zama wani abu ba tare da gidan matarsa ba. Matar John Young, Kaoanaeha, 'yar ɗan'uwan Kamehameha ce. Jinin sarautar da ya kai Emma gadon sarauniya ta wajenta ya biyo, ba ta wajen ma'aikacin jirgi ba. Matar Holmes, Mahi, 'yar basaraken Koolau ce. A Fiji kuwa akwai al'adar vasu, inda ɗan 'yar'uwa ke da haƙƙi mai ƙarfi a kan dukiyar kawunnansa. Baƙon da ya auri 'yar babban gida, 'ya'yansa sun samu ƙofar da shi ba zai taɓa samu da kansa ba. Dangin matar ma sun san abin da suke yi: sun ɗaure mai gyaran bindiga da mai jin harshen jirage a gidansu.

Ga misalin da ke nuna auren ba wasa ba ne a idon masu ƙasa. John Coffin Jones, wanda Amurka ta naɗa wakilinta na kasuwanci a Honolulu a 1820, ya zauna da Hannah, 'yar Oliver Holmes, har da haihuwa. A 1838 ya je Kalifoniya ya auro 'yar wani babban gida na Sifaniyawa, ya dawo da ita yana nuna ita ce matarsa ta gaskiya. Hannah ta nemi a raba su, Sarki Kamehameha na Uku kuma ya ƙi ci gaba da karɓarsa a matsayin wakili. Ya so ya sayi mutunci a idon Turawa da wulaƙanta matar da ta riƙe shi, sai ya rasa kujerar.

Game da Anthony Allen, 'yar'uwa, labarinsa ne ya fi taɓa ni. An haife shi bawa a 1774, ya gudu, ya yi shekaru yana aiki a jirage, ya sauka a Hawai wajen 1810. Ya yi wa Kamehameha hidima, aka ba shi fili kamar eka shida kusa da Waikiki. Ya gina gidaje, ya kiwata shanu da awaki yana sayar da madara, ya buɗe masaukin baƙi, yana kuma jinyar ma'aikatan jirgi marasa lafiya. Da 'yan mishan na farko suka iso daga Boston a 1820, yana cikin waɗanda suka riƙa aika musu abinci. Farare 'yan ƙasar da ta bautar da shi suna cin abincin gidansa. A 1822 ya rubuta wa ɗan tsohon ubangidansa wasiƙa yana ba shi labarin rayuwarsa da abin da ya mallaka. Ni a ganina wasiƙar nan ta amsa tambayarki ta biyu: yana da komai a Honolulu, amma yana son a sani a gidan da aka san shi bawa. Ya rasu a can a 1835.

Mai Kanti:

Salamu alaikum. Ni ba masanin Fasifik ba ne, harkar yadi nake, amma mutanen Salem ɗin nan sun zo har gaɓar Afirka ta gabas, kuma abin da Baba ya faɗa ya fito fili a Zanzibar. A 1833 Edmund Roberts ya ƙulla yarjejeniyar ciniki da Sayyid Sa'id, sarkin Oman da Zanzibar. A 1837 Richard Waters na Salem ya zama ƙaramin jakadan Amurka na farko a tsibirin. Suna kawo farin yadin auduga na masaƙun Massachusetts, su sayi hauren giwa da ƙaro da kanumfari.

Da tutarsa da takardarsa, Waters bai iya ciniki yadda yake so ba sai da ya haɗa kai da Jairam Sewji, Ba'indiyen da ke riƙe da kwastan ɗin sarki. Su biyu suka riƙa tsara wanda zai sayar wa jiragen Amurka da wanda zai saya. Kuma Sayyid Sa'id bai tsaya jiran su zo ba, a 1840 ya tura nasa jirgin, Sultana, har New York, da wakilinsa Ahmad bin Na'aman da kaya. A inda ke da hukuma mai ƙarfi da kwastan da jiragenta, ba wanda ya yi tunanin ƙirƙiro bashin gobara ya kira jirgin yaƙi.

Ɗalibar Tarihi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na cika shafi huɗu. Baba, saura abu ɗaya: bashin nan na Williams, an biya kuwa? Kuma me za ka ce kan maganar Yaya Ɗan Fagge game da Whippy?

Baban Hajara:

Abin da Ɗan Fagge ya kawo gaskiya ne, kuma ki sa talakawan nan a rubutunki kamar yadda ya ce. Ban wanke Whippy ba. Mutum ne mai iyayengiji biyu, kuma duk lokacin da suka yi karo sai ya zaɓi ɗaya ya saɓa wa ɗaya. Bambancin da nake riƙe da shi har yanzu shi ne wannan: Whippy ya zauna a inda za a iya hukunta shi, an kuma hukunta shi a 1844, 'ya'yansa da jikokinsa 'yan ƙasar ne, abin da ya sami Fiji ya same su. Ya gwada kafa injin matse rake a tsibirin Wakaya a farkon shekarun 1860, bai yi nasara ba, ya koma Wainunu a Vanua Levu, ya rasu a can a 1871, zuriyarsa na nan da yawa a Fiji har gobe. Williams kuwa duk ƙarfinsa daga waje yake zuwa.

Bashin kuma, shi Williams bai ga kuɗin ba, ya rasu a Levuka a 1860. Amma bashi ba ya mutuwa da mai shi in gwamnati ta ɗauke shi. A 1858 wani jirgin yaƙin, Vandalia, ya zo tuna bashin. A shekarar Cakobau, ta hannun ƙaramin jakadan Birtaniya William Pritchard, ya yi wa Ingila tayin ƙasar bisa sharaɗin ta biya Amurkawa, ya kuma ba ta eka 200,000. Ingila ta aiko Kanar Smythe ya duba, ya gano Cakobau ba shi da ikon bayar da Fiji duka tun da akwai sarakunan da ba sa ƙarƙashinsa, aka ƙi tayin a 1862. Ki lura da wannan sosai: Amurkawa sun kira shi sarkin Fiji baki ɗaya ne don a samu wanda za a ɗora wa bashin, shi kuma ya karɓi sunan don yana so, sunan ya zo masa da kaya.

A 1867 jirgin Tuscarora ya zo da sabuwar barazana. A 1868 wani kamfani na Melbourne a Ostareliya, Polynesia Company, ya ce zai biya, a ba shi eka 200,000. Cakobau ya yarda. Kamfanin ya biya Amurkawa kashi-kashi, ya samu wani ɓangare na filayen, ya kawo Turawa masu noman auduga da rake. Yawan baƙi ya ƙaru, rikicin fili ya ƙaru, gwamnatin da aka kafa a Levuka a 1871 da Cakobau a kan gado ta nutse cikin nata basussukan. Ranar 10 ga Oktoban 1874 shi da sauran manyan sarakuna suka sa hannu suka miƙa ƙasar ga Sarauniya Victoria. Cikin filayen da kamfanin Melbourne ya karɓa akwai na Suva, aka tashi mutanen garin daga wurinsu, a 1882 kuma Turawan mulki suka mai da hedikwata can daga Levuka.